Janar Murtala Muhammad na Kano: Yaƙin Bakin Kogi da Mulkin Kwana 200



Shafinmu na tarihi wanga karo zai ƙetare iyaka. Duk wanda ya taɓa sauka Kano ko Ikko ya riƙa takardar naira 20 a hannunshi, ya kuma ga hoton wani soja a kanta. Wanga soja shi ne Janar Murtala Ramat Muhammad. Dattawanmu da sunka yi cin rani a Nijeriya cikin shekarun 1970 ba su ambaton sunanshi sai sun haɗa da addu'a. Amma in kun lura, labarin da suke ba yara na wata shida da ƴan kwanaki ne, na ƙarshen rayuwarshi. Kafin mulki an yi yaƙi, kuma a fagen yaƙin ne anka fara ganin halin mutumin. Shi ya sa munka ga ya dace mu kawo labarin duka, da mai daɗin ji da marar daɗi.

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba 1938, cikin zuriyar malamai da alƙalai. Ya yi karatun allo kamar kowane yaro na gidan malamai, ya yi makarantar boko a Gidan Makama da Midil ta Kano, daga nan ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda anka sani da Barewa. Wagga makaranta ita ta fid da manyan Arewa da yawa. Yakubu Gowon ma can ya yi, shina gaban Murtala da ƴan shekaru. Ku riƙe sunan nan, don rayuwar mutanen biyu ta yi ta karo da juna har ƙarshe.

A 1958 ya shiga soja. Anka kai shi Ingila, makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya fito a 1961 da ƙaramin muƙamin hafsa. Fannin da ya koya shi ne na sadarwa, wato wayar iska da isar da saƙo tsakanin rundunoni. Ya tafi Kwango cikin sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, ya komo gida ya ci gaba da aikinshi na waya. Kawunshi Alhaji Inuwa Wada babban ɗan siyasa ne, har ya riƙa ministan tsaro a 1965. To, abin da za a fahimta tun nan shi ne Murtala bai taɓa jan babbar rundunar ƙasa zuwa fagen daga ba kafin 1967. Aikin ya faɗo mashi ne a tsakar rikici.

Daren 15 ga Janairu 1966 wasu matasan hafsoshi, mafi yawansu Ibo, sunka yi yunƙurin juyin mulki. Sunka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna, sunka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola na Yamma, da manyan sojan Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Dattawa sun san yadda labarin ya girgiza Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, don Sardauna ba baƙo ba ne a kunnen kowa nan. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki. Bai gurfanar da masu kisan gaban shari'a ba, kuma a watan Mayu ya yi dokar da ta soke mulkin jihohi ta maida komi hannun Ikko. Sojan Arewa sunka ɗauki abin da zafi, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya cikinsu shi ne Laftanan Kanar Murtala.

Ranar 29 ga Yuli 1966 sunka rama. Anka kashe Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinshi Kanar Fajuyi, anka kashe hafsoshin Ibo masu yawa a barikoki. Murtala ya riƙe barikin Ikeja da filin jirgin sama. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a ranakun nan Murtala ba haɗin kan Nijeriya yake nema ba. Abin da shi da yaranshi ke so shi ne Arewa ta ware, a raba ƙasa kowa ya kama gabanshi, abin da anka riƙa kira araba. Sai da manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka sunka sa baki, anka kwana ana gardama, kana ya sauka daga kan maganar. Ranar 1 ga Agusta anka ba Gowon shugabanci. Murtala ya yarda, amma zuciyarshi ba ta kwanta da Gowon ba, shina ganin sanyinshi ya yi yawa.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne ga ƙasar Hausa. Cikin Satumba da Oktoba 1966 anka kashe dubban Ibo talakawa a garuruwan Arewa, ƴan kasuwa da akawu da makanikai, mutanen da babu hannunsu a kisan Sardauna. Sauran sunka kwashe ƴaƴansu sunka gudu Gabas. Ranar 30 ga Mayu 1967 gwamnan Gabas, Kanar Ojukwu, ya ce yankinshi ya zama ƙasar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli yaƙi ya tashi. Mutumin da bara yake neman araba, bana shi za a aika ya hana wasu araba.

Da farko Ikko ta ɗauka abin na ƴan makonni ne. Sai ranar 9 ga Agusta 1967 sojan Biyafara, a ƙarƙashin Kanar Victor Banjo, sunka ƙetare gadar Anacha sunka mamaye jihar Tsakiyar Yamma ba tare da wani faɗa ba. Sunka kama birnin Benin (na Nijeriya, ba maƙwabciyarmu da a lokacin ake ce ma Dahome ba), sunka nausa har garin Ore a kan hanyar Ikko. Hankalin gwamnati ya tashi. Anka kira Murtala anka ce ya haɗa Runduna ta 2 ya tare su. Babu runduna a ƙasa, suna ne kawai. Ya tattara abin da ya samu: akawun bariki, masu dafa abinci, tsofaffin soja, da samari sabbin ɗauka da anka koya ma riƙon bindiga cikin ƴan kwanaki. Ya kama motocin mutane a hanya ya loda su. Kuma a nan gaggawarshi ta yi rana. Ya tura sojan Biyafara baya, gari bayan gari, ya shiga Benin wajen 20 ga Satumba, kwana guda bayan mutanen Ojukwu sun naɗa ma yankin sunan sabuwar jamhuriya. Cikin wata guda ya ɗauke ma Ikko tsoro. Sunanshi ya cika rediyo.

Farkon Oktoba rundunar ta iso Asaba, a gaɓar yamma ta Kogin Kwara. Wanga kogi shi ne dai namu da ke ratsa Yamai da Gaya, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Sai dai a can ƙasa ya riga ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya yi faɗin da gadar da ke kanshi ta fi kilomita guda. Sojan Biyafara da sunka ƙetare sunka fasa gadar a bayansu. Anacha, mai babbar kasuwar da fatakenmu sunka sani, tana can ɗaya gaɓar ana hangen ta.

A nan dole alƙalami ya tsaya, ko da wasu ba za su so ba. Mutanen Asaba Ibo ne, amma ba cikin Biyafara suke ba, ƴan jihar Tsakiyar Yamma ne. Da sojan tarayya sunka shiga garin sai sunka fara bi gida gida suna kashe maza, wai sun goyi bayan abokan gaba. Ranar 7 ga Oktoba 1967 dattawan garin sunka tara jama'a, sunka sa fararen tufafinsu na biki, sunka fito da kiɗa da rawa don su nuna suna tare da Nijeriya ɗaya, ko a bar su da rai. A wani fili da ake kira Ogbe Osowa soja sunka ware mata da ƙananan yara gefe, sunka buɗe ma maza da samari wuta. Anka binne su a manyan ramuka. Masu binciken da sunka bi sunayen matattu daga baya sun ce waɗanda anka kashe a garin cikin kwanakin nan sun wuce 700. Murtala shi ne kwamandan rundunar. Babu wanda anka gurfanar gaban kotu a kan abin, daga babba har ƙarami. Mu da munka tashi muna jin alherinshi, ba za mu ce jinin da anka zubar a Kano a 1966 ya halatta na Asaba ba, kuma shugaban runduna ba ya wanke hannunshi daga abin da yaranshi sunka yi a garin da ya kama. An yi shekaru ba a maganar a fili, sai a 2001 waɗanda sunka tsira sunka ba da shaida gaban kwamitin Mai Shari'a Oputa.

Bayan Asaba sai maganar ƙetare kogi. Hedkwatar soja a Ikko ta ba shi shawara ya yi arewa zuwa Idah, inda gaɓa biyu ke hannun tarayya, ya ƙetare lafiya, kana ya gangaro ma Anacha ta ƙasa. Hanyar tana da nisa, za ta ci makonni. Murtala ya ƙi. Ga Anacha a gabanshi, shi bai ga dalilin zagaye ba. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito da kaka ya san yadda ruwa ke cika, kuma Oktoba lokacin cikar kogi ne a can. Ga shi mafi yawan yaranshi ƴan tudu ne, ba su iya iyo ba.

Cikin watan Oktoba ya loda soja a jiragen ruwa ya tura su. Karo na farko sun sauka, har sun shiga gari. Amma maimakon su kafa su tsare bakin ruwa, sai sunka watse cikin kasuwa suna kwasar kaya, kasuwar ma ta ci wuta. Jirgin da zai kawo masu ƙarin mutane da harsashi bai iso ba. Sojan Biyafara sunka komo da ƙarfi sunka rutsa su, kogi a baya, wuta a gaba. Wanda bai faɗi da harsashi ba ya faɗa ruwa. Wani kwamandan da ya ga haka zai zamna ya sake tunani. Murtala ya sake turawa, karo na biyu, anka nutsar da su. Ya sake na uku. Wasu hafsoshinshi, cikinsu har da Alani Akinrinade wanda daga baya ya zama babban hafsan sojan Nijeriya, sunka fito fili sunka ƙi yarda da dabarar. Gawarwakin samarin Arewa da na Yamma ruwa ya yi gaba da su, iyayensu ba su ga ko kabari ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A ƙarshe hanyar Idah ɗin da ya raina ita ya bi, kuma bai shiga Anacha ba sai cikin Maris 1968, wata biyar bayan ranar da ya tsaya shina hangen ta.

Ko daɗin nasarar bai gama ji ba sai ga Abagana. Ranar 31 ga Maris 1968 ayarin motocin rundunar, kusan 100, ɗauke da abinci da harsashi da tankokin mai, ya biyo hanyar Inugu zuwa Anacha a jere, mota na bin mota. Sojan Biyafara ƴan kaɗan sunka yi kwanto a daji kusa da garin Abagana. Harbi ya sami tankin mai, wuta ta bi layin motocin tana cin su ɗaya bayan ɗaya, harsashin da ke ciki shina fashewa. Kusan duk ayarin ya ƙone da mutanen da ke ciki. Ba a daɗe ba Murtala ya bar fagen daga, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓi Runduna ta 2. Shi kuwa ya koma Ikko kan aikinshi na sadarwa. Yaƙin ya ci gaba har 15 ga Janairu 1970, kuma Kanar Olusegun Obasanjo ne mutanen Biyafara sunka miƙa wuya a hannunshi a fagen daga.

Bari mu ɗan waiwayo gida. A wanga yaƙi ƙasarmu ba ƴar kallo ba ce. Faransa ta Janar de Gaulle ta karkata wajen Biyafara, makamai na bi ta Gabon da Kodebuwa, kuma ƙasashen nan biyu sun amince da Biyafara a Mayu 1968. Shugaba Diori Hamani bai bi su ba, ya tsaya tare da gwamnatin Ikko, ko da yake Faransa ce ke riƙe da bakin aljihunmu. Shina cikin kwamitin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗora ma neman sulhu, kuma a Yuli 1968 kwamitin ya zamna a Yamai. Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo. Sulhun bai yiwu ba, amma Yamai ta yi nata.

Bayan yaƙi Murtala ya yi kwas a Ingila, ya zama birgediya a 1971, a 1974 Gowon ya ba shi kwamishinan sadarwa na tarayya. Lokacin kuɗin man fetur sun malalo. Gwamnoni sun yi ƙiba, jiragen ruwa sama da 400 ɗauke da siminti sun toshe tashar Ikko ana biyan su kuɗin jira, kuma a Oktoba 1974 Gowon ya janye alkawarin da ya yi na maida mulki ga farar hula a 1976. Ranar 29 ga Yuli 1975, shekara 9 daidai da juyin da Murtala ya jagoranta, Gowon na taron shugabannin Afirka a Kampala, wasu kanar-kanar sunka tuɓe shi ba tare da zubar da jini ba. Kanar Joseph Garba ya yi sanarwa a rediyo. Sunka miƙa ma Murtala shugabanci, Obasanjo na biye da shi, Theophilus Ɗanjuma na riƙe da sojan ƙasa.

Halin nan da ya tura samari cikin kogi, shi ne ya shigo da shi ofis, sai dai a nan talakawa sun yi murna da shi. Ya sallami gwamnoni 12 gaba ɗaya, anka bincike su, anka sami 10 da cin dukiyar jama'a. Ya soke ƙidayar 1973 da ake ta rigima a kanta. Ya kori ma'aikata sama da 10,000, daga manyan alƙalai har masinja, a rediyo mutum zai ji an sallame shi. Ƴan cin raninmu na lokacin suna ba da labarin yadda ma'aikata ke gudu da sassafe kada su makara, da yadda ɗan sanda ke jin tsoron miƙa hannu. Amma wukar ta yanki masu laifi da marasa laifi, don ba a tsaya an saurari kowa ba. Akwai masana da ke ganin tun daga lokacin ma'aikacin gwamnatin Nijeriya ya daina amincewa da gobenshi, ya koyi tara abin da zai ci in an kore shi.

Ya sa ranar 1 ga Oktoba 1979 ta zama ranar komawa mulkin farar hula, ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. A Nuwamba 1975, da ya tabbata sojan Afirka ta Kudu ta masu wariyar fata sun shiga Angola, ya amince da gwamnatin MPLA ta Agostinho Neto, kuma a Janairu 1976 ya tafi Addis Ababa ya yi jawabi mai zafi a kan shisshigin Amurka, bayan Shugaba Ford ya aiko ma shugabannin Afirka takarda shina gaya masu inda za su tsaya. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya maida jihohi 12 zuwa 19. Maƙwabtanmu na Arewa maso Yamma sunka rabu zuwa Sakkwato da Neja, na Arewa maso Gabas zuwa Borno da Bauci da Gongola. A ranar kuma ya ce za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Ita ce Abuja, wadda gwamnati ba ta koma cikinta ba sai Disamba 1991.

Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, ya fito da safe daga gidanshi na Ikoyi zai tafi ofis a barikin Dodan. Ba ya tafiya da jerin motoci, ba jiniya, ba masu share hanya. Baƙar Marsandi ce guda, da direba, da dogarinshi Laftanan Akintunde Akinsehinwa, da soja mai yi mashi hidima. Motar ta tsaya cikin cunkoson Ikko kamar ta kowa. Mutanen Laftanan Kanar Buka Suka Dimka, da ke jira a bakin hanya, sunka matso sunka buɗe wuta. Murtala ya rasu nan take, da dogarin da direban. Shekararshi 37. A ranar kuma anka kashe gwamnan jihar Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo, wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashinshi a Runduna ta 2, kuma wanda mutanen Asaba da dama ke ambaton sunanshi a kan abin da ya faru a garinsu.

Dimka ya kama gidan rediyo ya yi sanarwa, amma barikoki ba su bi shi ba, kafin yamma an ƙwace wurin ya tsere. Anka kai gawar Murtala Kano anka yi mata sutura. Ɗalibai sunka fito tituna a Ikko da wasu birane suna kuka suna neman a rama. Obasanjo ya hau kujerar, anka ɗauko Shehu Musa Ƴar'aduwa na Katsina, ɗaya daga cikin hafsoshin da sunka yi yaƙin Anacha, ya zama mataimakinshi. Cikin Maris anka harbe mutum sama da 30, har da kwamishinan tsaro Janar Bisalla. Dimka an kama shi a yankin Abakaliki, anka harbe shi ranar 15 ga Mayu. Mu ma nan ba mu tsira daga iskar wannan shekara ba, don cikin Maris 1976, wata guda bayan kisan Ikko, anka yi yunƙurin kifar da Seyni Kountché a Yamai, bai yi nasara ba.

Obasanjo ya cika alkawarin 1979, ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a ranar da Murtala ya sa. Hoton Murtala ya hau takardar naira 20 a 1977. Babban filin jirgin saman Ikko na ɗauke da sunanshi, haka babban asibitin cikin birnin Kano. Motar da anka harbe shi a ciki an kai ta gidan tarihi na Ikko da ramukan harsashi a jikinta. A Asaba kuma, duk ranar 7 ga Oktoba, iyalan waɗanda anka binne a Ogbe Osowa suna taruwa su tuna da matattunsu.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu. Wassalam.